Mene ne "tarif" a inshorar lafiya, kuma me ya sa babu na haƙoran roba?

Dattawa da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi suna da katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, mai aiki, amma idan suka je asibiti neman haƙoran roba sai a ce su biya daga aljihu. Dalilin yana cikin abin da ma'aikatan asibiti ke kira tarif.

Tarif shi ne farashin da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta ƙayyade wa kowane aikin da ta yarda za ta biya. Mara lafiya ba ya ganin wannan kuɗi. Asibiti ne ke yin aikin, ya rubuta abin da ya yi, ya tura wa hukumar takardar neman biya, ita kuma ta tantance kafin ta saki kuɗi. Asibitin da hukumar ba ta yi wa rajista ba, ko sisi ba zai samu ba.

Dokar farko ta wannan inshora ita ce mai lamba 650 ta shekarar 2003, wadda aka kafa don raba mutane da tsarin nan na sai ka biya kafin a duba ka. A 2012 doka mai lamba 852 ta maye gurbinta. Da farko abu ɗaya-ɗaya ake lissafawa, kowane gwaji da kuɗinsa. A 2008 aka koma tsarin G-DRG, inda ake tara cututtuka da ayyuka masu kama da juna a rukuni guda da farashi guda. Mutanen Kumasi sun ɗanɗana wani salo na uku: a 2012 an gwada biyan asibiti gwargwadon yawan mutanen da suka zaɓe shi, a yankin Ashanti, aka sha ƙorafi har aka dakatar a 2017.

A ɓangaren baki, katin ya ɗauki cire haƙori, fitar da mugunya idan dasashi ya kumbura, da cike ramin haƙori irin mai sauƙi. Haƙoran roba kuwa suna cikin jerin abubuwan da aka cire tun farko, tare da tabarau da na'urar ƙarin ji. Abin da ba shi da tarif, asibiti ba shi da takardar da zai tura. Saboda haka ko babban asibitin Komfo Anokye ka je, likitan haƙori ba rowa yake yi maka ba.

A ganina wannan giɓi ne babba. Hukuma za ta biya a cire wa tsohuwa turame, amma ta bar ta ba abin tauna tuwo da nama, alhali wannan tsohuwar tana biyan harajin inshora na kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan da take saya.

Kamfanonin inshora masu zaman kansu ma NHIA ce ke ba su lasisi, sai dai abin da suke biya ya dangana da yarjejeniyarsu da kai da kuma asibitin. Wasu suna sa iyaka ga kuɗin haƙori a shekara, wasu ba sa taɓa na roba sam. Kafin a auna bakinka, nemi kamfanin ya rubuta maka nawa zai ɗauka, nawa ya rage a kanka.