'Yan Wasan Zari-ruga na Connacht da Sunansu Bai Yi Nisa Ba

Connacht ɗaya ce daga cikin ƙungiyoyin larduna huɗu da ke buga zari-ruga na ƙwararru a tsibirin Ailan, sauran ukun kuwa su ne Leinster da Munster da Ulster. Tana wakiltar yammacin tsibirin, wato gundumomin Galway da Mayo da Sligo da Roscommon da Leitrim, kuma an kafa reshenta na hukumar zari-ruga ta ƙasar, IRFU, a shekarar 1885. Tana karɓar baƙuncin wasanninta a filin Sportsground na birnin Galway (da aka raɗa wa suna Dexcom Stadium a 2024), wanda aka daɗe ana tseren karnuka a cikinsa. Lardin ne mafi ƙarancin jama'a a cikin huɗun, matasansa kuma sun fi karkata ga wasannin gargajiya na Ailan, musamman ƙwallon Gaelic da hurling (wasan da ake bugawa da sanda da ƙaramar ƙwallo). Saboda haka ƙungiyar ta rayu ne bisa wuyan 'yan wasa iri biyu: waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a cikinta ba tare da tawagar ƙasa ta waiwaye su sosai ba, da waɗanda wasu larduna suka ƙyale ta kwashe su.

Yanayin da suka yi aiki a ciki

Bayan da zari-ruga ya zama sana'a a 1995, hukumar IRFU ta ɗauki Connacht a matsayin wurin renon 'yan wasa, tana ware mata kuɗi ƙasa da na sauran. A farkon 2003 har an kawo shawarar rufe ƙungiyar ƙwararrun baki ɗaya domin rage kashe kuɗi, sai da magoya baya suka yi tattaki zuwa ofishin hukumar da ke titin Lansdowne a Dublin kafin a janye maganar. Wannan hali ya sa kwantiragi ya kasance gajere, kuma duk wanda tauraronsa ya fara haskawa sai a ɗauke shi. A 2011 kaɗai Seán Cronin da Fionn Carr da Jamie Hagan suka koma Leinster, Ian Keatley kuma ya tafi Munster.

Waɗanda suka zauna

Babu wanda ya kai John Muldoon nuna irin wannan rayuwa. An haife shi a 1982, ya taso a Portumna, garin da aka fi sani da hurling, ya kuma buga wa Connacht wasa 327 daga 2003 zuwa 2018, yawanci a sahun baya na 'yan gaba, inda aikin ya fi ƙarfi a karo da ƙwace ƙwallo. Duk da wannan tsawon hidima, sau uku kacal ya saka rigar Ailan: biyu a 2009 da Kanada da Amurka, sai ɗaya a 2010 da New Zealand, wasan da ya karye a hannu. Ya ga shekarun da ƙungiyar take ƙarewa a ƙasan teburi, ya kuma kasance kyaftin ranar da ta ɗauki kofinta na farko a 2016. A wasansa na bankwana a Afrilun 2018, Connacht ta lallasa Leinster da maki 47 da 10 a Galway, shi ne kuma ya buga bugun ƙarin maki na ƙarshe, alhali wannan ba aikin ɗan gaba ba ne. Daga nan ya koma aikin horarwa a Bristol ta Ingila.

Michael Swift ya fi shi ƙarancin rabo. Haifaffen Landan ne, ya zo Galway a shekarar 2000, ya buga wasa 269 cikin shekara 15, amma bai taɓa buga wa babbar tawagar Ailan ba. Ya yi ritaya a 2015, saura shekara guda ƙungiyar ta ci gasa. Adadin wasannin ƙasa ba ya auna darajar ɗan wasa irin wannan, domin da shi da ire-irensa ne aka riƙe ƙungiyar a lokacin da ake shakkar ko za ta ɗore. Ronan Loughney, ɗan Galway mai buga sahun farko na 'yan gaba, ya samu wasa ɗaya tak a tawagar ƙasa, da New Zealand a 2012. Gavin Duffy na garin Ballina kuwa, da ya bar Connacht a 2014, sai ya shiga tawagar ƙwallon Gaelic ta gundumar Mayo.

Waɗanda aka tsinto

Wasan ƙarshe na Pro12, gasar ƙungiyoyin Ailan da Scotland da Wales da Italiya, da aka buga ranar 28 ga Mayu, 2016, a filin Murrayfield na Edinburgh ya bayyana amfanin rukuni na biyu. A ƙarƙashin koci Pat Lam, Connacht ta doke Leinster da maki 20 da 10, kuma biyu daga cikin mutum uku da suka ci maki ta hanyar sauke ƙwallo bayan layin Leinster sun taso ne a Dublin, cibiyar Leinster ɗin kanta.

Na farkonsu Niyi Adeolokun, an haife shi a Ibadan ta Nijeriya a 1990, iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Dublin yana yaro. Ya buga ƙwallon Gaelic da ƙwallon ƙafa kafin ya tsaya ga zari-ruga, tsarin matasa na Leinster ya sallame shi, ya ci gaba da wasa a ƙungiyar jami'ar Trinity har Connacht ta gwada shi ta ɗauke shi a 2014. A wasan ƙarshen nan, a gefen dama, ya ɗaga ƙwallo da ƙafa ta tsallake masu tsaro, ya bi ta da gudu, ya sake tura ta gaba da ƙafa kamar yadda ɗan ƙwallon ƙafa yake yi, sannan ya faɗa kanta bayan layi. Mako guda kafin haka shi ne ya sauke ƙwallon da ta taimaka wajen fitar da Glasgow a wasan kusa da na ƙarshe. Ailan ta kira shi sau ɗaya, a wasa da Kanada a Nuwamban 2016, kuma a 2020 ya bi Pat Lam zuwa Bristol.

Na biyun, Matt Healy, yana buga wa kulob ɗin Lansdowne a gasar cikin gida ne lokacin da Connacht ta ba shi kwantiragi a 2012, yana da shekara 23, shekarun da galibi ake ganin ƙofar zama ƙwararre ta riga ta rufe. Sa'ad da ya yi ritaya a 2022, babu wanda ya kai shi yawan sauke ƙwallo a tarihin ƙungiyar, amma shi ma wasa ɗaya ya yi wa Ailan, da Afirka ta Kudu a Yunin 2016. Na ukun, Tiernan O'Halloran, ɗan gida ne daga Clifden a yankin Connemara. Ya fito daga makarantar horar da matasa ta Connacht, ya buga mata wasa fiye da 200, bai kuma taɓa sauya ƙungiya ba har ya ajiye takalmansa a 2024.