Fitilar Goshi ta Tiyata Haɗin Gida

Fitilar goshi ta tiyata ƙaramar fitila ce da likita kan ɗaura a kansa, ta zauna tsakanin girarsa biyu, duk inda ya kai ido haske ya bi. Amfaninta ya fi fitowa a lungun da babbar fitilar rufin ɗakin tiyata ba ta kaiwa, kamar maƙogwaro, cikin hanci, baki da ƙasan mara. Ta haɗin gida ita ce wadda mutum ya harhaɗa da kansa daga ƙwan LED, gilashin tara haske da batir mai caji, galibi saboda tsadar ta kamfani.

Asali

Kakarta ita ce madubin goshi mai huda a tsakiya, irin wanda likitan Jamus Friedrich Hofmann ya bayyana a 1841 don duba kunne. Madubin ba ya da hasken kansa, na wata fitila yake karɓowa ya mayar. Abubuwa biyu ne daga Japan suka sa yau kowa zai iya haɗa tasa: batirin litiyam-ayon mai caji da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, da shuɗin LED mai ƙarfi da Shuji Nakamura ya samar a 1993, wanda daga gare shi aka samu farin LED.

A inda wuta ba ta da tabbas, fitilar ba kayan ƙawa ba ce. A 2008 likitar haihuwa Laura Stachel ta Amurka ta ga yadda ɗaukewar wuta ke hana aikin haihuwa a wani asibitin gwamnati a Zariya. Daga nan aka samo akwatin sola na ƙungiyar We Care Solar, wanda har da fitilun goshi a cikinsa.

Kayan haɗi

Ƙwan da aka fi amfani da shi farin LED ne mai ƙarfin wat 1 zuwa 3, wanda ke aiki da kimanin bolt 3. Ba a jona shi kai tsaye da batir. Sai an sa na'urar daidaita wuta a tsakani, kamar AMC7135 mai ba da miliyamfiya 350, in ba haka ba ƙwan zai yi ta zuƙar wuta yana zafi har ya ƙone. Ana manna shi a kan ɗan faifan alminiyam mai kwashe zafi, domin zafin LED ta baya yake fita, wato ta ɓangaren goshin likita.

Batirin yawanci samfurin da ake kira 18650 ne, kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Yana aiki a bolt 3.7, ya cika a 4.2, kuma ƙaramin allon caji irin TP4056 ya ishe shi. Lissafin ba wuya: batir mai miliyamfiya-awa 2,600 zai riƙe ƙwan da ke jan 350 kusan awa 7, idan an ninka wutar lokacin ya ragu rabi. An fi so batirin ya koma ƙeya ko ƙugu, don nauyin gaba na gajiyar da wuya a doguwar tiyata.

Inda wahalar take

Masu haɗi na farko sukan ɗauka ƙarfin haske ne komai. Ba haka ba ne. Tocilar kasuwa ma tana da haske, amma nata mai shuɗi-shuɗi ne, yana dusar da ja, har jijiya da tsoka su yi kama da juna. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60601-2-41, wadda aka tsara wa manyan fitilun tiyata, ta ce ma'aunin nuna launi na gaskiya kada ya gaza 85 cikin 100, launin hasken kuma ya tsaya tsakanin 3,000 da 6,700 a ma'aunin Kelbin, wanda ke nuna ko haske ya karkata zuwa ja ko zuwa shuɗi. Mai haɗin gida na iya aron wannan ma'auni wajen zaɓen ƙwai.

Sai mazaunin fitilar. In ta hau can saman goshi, hannun likita da kayan aikinsa za su jefa inuwa daidai wurin da yake son gani, shi ya sa ake saukar da ita kusa da layin ido. Da'irar hasken ma ana so ta zama bai ɗaya, ba tsakiya mai kashe ido da gefe mai duhu ba.

Hatsari

Fitilar ba ta shiga tukunyar turara kayan aiki, goge ta kawai ake yi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Don haka likitan da ya riga ya wanke hannu ya sa safa ba ya taɓa ta, wani ne ke gyara masa. Duk ƙusa da waya sai an ɗaure su tamau, kada wani abu ya faɗa cikin rauni. Batirin da ba shi da allon kariya, ko wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta, na iya kama wuta, kuma ɗakin tiyata wuri ne mai iskar oksijin da barasar goge fata.