Tantanin Ƙwayar Halitta: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce ƙwayar halitta?

Ita ce mafi ƙanƙantar abin da za a nuna a ce yana da rai. Bakteriya ƙwaya ɗaya ce tak, jikin baligi kuwa ana ƙiyasta yana ɗauke da ƙwayoyi fiye da tiriliyan 30. A shekarar 1665 ne Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon itace da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, ya ga wasu 'yan ɗakuna jere. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su.

Me ke cikinta?

A ƙwayar mutum akwai cibiya mai ajiye DNA, wato bayanan gado. Akwai mitokondiriya masu sarrafa abinci ya zama ƙarfin aiki, da ribosom masu haɗa furotin. Duka suna cikin wani ruwa mai kauri, tantani kuma ya kewaye su. A ganina, wanda ya fahimci tantanin nan ya kama bakin zaren darasin duka.

Da me aka yi tantanin?

Da wani nau'in maiƙo mai suna fosfolifid. Kowane ɗaya yana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa. To ga ruwa a ciki, ga ruwa a waje, sai su jeru sahu biyu: kawuna na fuskantar ruwan, wutsiyoyi na ɓuya a tsakiya. Ba wanda ya jera su, ɗabi'arsu ce kawai. Gorter da Grendel na ƙasar Holan ne suka nuna haka a 1925, da jajayen ƙwayoyin jini. Kaurin tantanin bai kai nanomita 10 ba, alhali sai an raba milimita ɗaya gida miliyan kafin a sami nanomita guda.

A 1972 Singer da Nicolson suka ƙara bayanin da ake koyarwa har yau: tantanin ba a daskare yake ba, yana da ruwa-ruwa, furotin iri-iri kuma na yawo a cikinsa.

Ta yaya abubuwa ke shiga da fita?

Ka ɗauke shi kamar ganuwar Kano ta da: katanga ce, amma da ƙofofi, kowace da sarkinta. Iskar oksijin da ta kabon dayoksaid ƙanana ne, suna ratsa maiƙon kai tsaye. Sukari da sinadaran gishiri ba sa iyawa, sai ta ƙofar furotin da aka yi dominsu. Wasu ƙofofin kyauta ake wucewa, daga inda abu ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Wasu kuwa famfo ne masu cin ƙarfi. Mafi shahara shi ne wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957: a kowane bugu yana fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotashiyam 2, waɗanda duka sinadaran gishiri ne (sodiyam shi ne na cikin gishirin miya). Wannan bambanci da yake ajiyewa tsakanin ciki da waje shi ke ba jijiyoyi damar aika saƙo, ya ba zuciya damar bugawa.

Ruwa fa?

Ruwa yana bin gishiri. Idan gefe ɗaya na tantani ya fi ɗayan gishiri ko sukari, can ruwan zai nufa. Wannan shi ne osimosis. Barbaɗa gishiri a kan yankakken kokwamba, ba za a jima ba sai ka ga yana tsatsafo. Shi ya sa ba a ƙara wa majiyyaci tsurar ruwa ta jijiya: jajayen ƙwayoyin jini za su sha su kumbura har su fashe. Ruwan gishirin da aka saba ɗaura wa mutum a asibiti kashi 0.9 cikin ɗari ne, daidai da ruwan jiki.

Wane amfani wannan sani ya yi wa talaka?

Ya ceci rayukan yara masu ɗimbin yawa, kuma a nan nake so mai karatu ya nutsu. Kwalara, wadda kusan kowace damina take ɓulla a yankunanmu, gubarta tana tilasta wa ƙwayoyin hanji su yi ta zubar da sinadarin kulorayid. Sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su, mutum ya bushe cikin sa'o'i kaɗan. Amma akwai wata ƙofa a tantanin hanji da gubar ba ta lalatawa. Robert Crane ya bayyana ta a 1960: tana shigar da sodiyam ne kawai idan ya zo tare da gulukos, wato wani nau'in sukari. Da sun shiga, ruwa ya biyo bayansu ya koma jini.

Wannan shi ne sirrin ruwan gishiri da sukari, wato ORS. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan jijiya kuma ya yi ƙaranci. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa shayar da wannan haɗi, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

To me ya sa ake matsa wa mutane kan awo? Lemon kwalba ma ai da sukari.

Saboda osimosis ba ya sassauci. Idan sukari ya yi yawa a cikin hanji, shi ne zai janyo ruwa daga jiki, gudawar ta ƙaru. Lemon kwalba sukarinsa ya wuce kima, gishirinsa kuma bai kai ba. Awon gida shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Na leda da ake samu a asibiti ko kemis ya fi, domin yana da fotashiyam, kuma an riga an auna shi. Yaron da ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko ya galabaita, a garzaya da shi asibiti, ana ba shi kaɗan-kaɗan a hanya idan yana iya haɗiyewa.