Tsarin PFI a Birtaniya da Manufar Tsuke Bakin Aljihu

PFI, wanda cikakken sunansa shi ne Private Finance Initiative, tsari ne da gwamnatin Birtaniya ta bi daga 1992 zuwa 2018 wajen gina asibitoci da makarantu da gidajen yari da hanyoyi da kuɗin 'yan kasuwa. Kamfani ne ke nemo kuɗin, ya yi ginin, ya ci gaba da kula da shi, ita kuma hukumar gwamnati ta riƙa biyansa duk shekara har tsawon shekara 25 zuwa 30, wani lokaci ma fiye da haka. A cewar rahoton da ofishin binciken kuɗi na ƙasar, NAO, ya fitar a Janairun 2018, akwai irin wannan kwangila sama da 700, ƙimar gine-ginensu ta kai kusan fam biliyan 60, abin da ya rage a biya kuwa har zuwa shekarun 2040 ya kai fam biliyan 199. Nauyin wannan biya bai fito fili sosai ba sai bayan 2010, lokacin da gwamnati ta shiga zabtare kuɗin da take kashewa, aka tarar kuɗin PFI na cikin 'yan abubuwan da almakashi ba ya iya taɓawa.

Asali

Norman Lamont, ministan kuɗi a gwamnatin John Major ta jam'iyyar Conservative, shi ne ya ƙaddamar da tsarin a Nuwamban 1992. Da farko tafiyar hawainiya ya yi. Cikin ayyukan farko akwai gadar tsibirin Skye a Sikotilan, wadda aka buɗe a 1995. Kuɗin fiton da aka ɗora wa masu ƙetare ta ya jawo bore na shekaru, har gwamnatin yankin ta fanshi gadar a kan kusan fam miliyan 27, ta soke kuɗin a Disamban 2004.

Jam'iyyar Labour ta soki tsarin tana ɓangaren adawa, amma a hannunta ya bunƙasa. Da Tony Blair ya hau mulki a 1997, aka yi dokar da ta tabbatar wa bankuna cewa hukumomin asibitocin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, na da ikon sa hannu a irin wannan kwangila, daga nan ayyuka suka ɓarke. Asibitin Cumberland da ke Carlisle da na Darent Valley da ke Dartford, waɗanda aka buɗe a 2000, su ne 'yan sahun gaba. Dalilin wannan rungumar ba ɓoyayye ba ne. Ministan kuɗi Gordon Brown ya gindaya wa kansa sharaɗin cewa bashin ƙasa ba zai haura kashi 40 cikin 100 na ƙarfin tattalin arziki ba, alhali asibitoci da makarantu sun tsufa, jama'a na jiran sababbi. Yawancin kwangilolin PFI ba sa shiga lissafin bashin ƙasa, saboda a takarda kamfani ne ya ci bashin. A 2011 ofishin sa ido kan kasafi, OBR, ya ƙiyasta cewa da za a shigar da su, da bashin ya ƙaru da kusan fam biliyan 35.

Yadda kwangilar take

Kamfanin gini da kamfanin kula da gine-gine da masu zuba jari ne ke haɗuwa su kafa wani ƙaramin kamfani wanda ba shi da aikin komai sai wannan gini ɗaya. Kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin rance ne daga banki ko takardun lamuni, saura kashi 10 kuma jarin masu kamfanin. Gwamnati ba ta biyan ko sisi sai an gama gini an miƙa mabuɗi. Daga nan sai biya ya soma, dunƙule wuri guda: a ciki akwai uwar kuɗi da ruwa, da ribar masu jari, da kuɗin gyare-gyare, sau da yawa har da shara da abinci da gadi da wanki. Galibi an ɗaure wannan kuɗi, ko wani ɓangarensa, da ma'aunin hauhawar farashi na RPI, don haka duk shekara sama yake yi. Idan ɗakin tiyata ko aji ya ƙi amfanuwa saboda sakacin kamfani, hukuma na da damar yanke wani abu daga biyan watan.

Hujjar masu tsarin ita ce kasada ta koma kan ɗan kasuwa: in gini ya makara ko ya lashe kuɗi fiye da ƙiyasi, asararsa ce. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya. Binciken NAO na 2003 ya nuna cewa kusan uku cikin huɗu na ayyukan PFI an kammala su a kan lokaci kuma a kan farashin da aka yi yarjejeniya, abin da ayyukan gwamnati na da suka kasa. Sai dai kafin a amince da kowane aiki, dole a kwatanta shi da wani ƙiyasi na abin da gwamnati za ta kashe da ita ce ta yi da kanta, kuma wannan kwatance ya sha suka. Shugaban asibiti ya san baitulmali ba shi da niyyar ba shi kuɗin gini. Ko dai lissafi ya nuna PFI ya fi araha, ko ya haƙura da sabon asibiti. Ba abin mamaki ba ne da lissafin ya riƙa fitowa yadda ake so.

Tsadar

Tushen tsadar shi ne kuɗin ruwa. Babu mai samun rance da sauƙi kamar gwamnati. Kwamitin majalisar dokoki mai kula da baitulmali ya bayyana a Agustan 2011 cewa kuɗin ruwan da aikin PFI ke ci ya haura kashi 8 cikin 100, ninki biyu na kusan kashi 4 da gwamnati ke biya a kan rancenta na dogon zango. Tazarar kamar ƙarama ce, amma a shekara 30 tana zama dutse. Kwamitin ya ƙiyasta cewa wani asibiti zai ci kashi 70 cikin 100 fiye da in da rancen gwamnati aka gina shi, NAO kuma ta sami ƙarin kusan kashi 40 a wani rukunin makarantu. Babbar kwangilar asibiti a ƙasar ita ce ta Royal London da St Bartholomew's a Landan: gini na kusan fam biliyan 1.1, jimillar biya kuwa wajen fam biliyan 7 kafin ƙarshen shekarun 2040.

Adalci ne a faɗi cewa irin waɗannan alƙaluma sukan zuzuta abin. Kaso mai tsoka na jimillar yana tafiya ne a kuɗin gyara da shara da sauran hidimomi, waɗanda dole a biya su ko da wane ne ya gina asibitin, kuma fam ɗin 2045 ba daidai yake da na 2005 ba. Inda sukar ta fi kama ƙasa shi ne wajen riba. Da zarar an gama gini, kasadar ta ragu ƙwarai, sai masu jari su koma banki su sauya rancen da mai sauƙin ruwa. Haka kamfanin Octagon ya yi da asibitin Norfolk and Norwich a 2003. Ribar sauyin ta kai kusan fam miliyan 116, asibitin ya tashi da wajen miliyan 34, ribar da masu jari ke sa rai kuma ta yi tsalle daga kashi 19 zuwa kashi 60 cikin 100. Hannayen jarin kwangiloli da yawa sun yi ta sauya hannu, wasu suka ƙare wurin kamfanonin da ke da rajista a tsibiran da ba a cika biyan haraji ba. Ita kanta hukumar tara haraji ta sayar da ɗaruruwan gine-ginenta a 2001 ga Mapeley, kamfani mai rajista a Bamuda, sannan ta zauna a cikinsu tana biyan haya.

Lokacin tsuke bakin aljihu

Bayan rikicin bankuna na 2008, giɓin kasafin Birtaniya ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na tattalin arzikinta. Gwamnatin haɗaka ta David Cameron da Nick Clegg, wadda ta hau a Mayun 2010, ta sa cike giɓin a gaba da komai. A Oktoban shekarar ministan kuɗi George Osborne ya sanar da rage fam biliyan 81 cikin shekara huɗu, inda yawancin ma'aikatu suka rasa kusan kashi 19 cikin 100. An soke shirin sake gina makarantu, ayyuka sama da 700 suka tsaya cak. Tallafin gwamnatin tsakiya ga ƙananan hukumomin Ingila ya faɗi da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018, in an cire hauhawar farashi. NHS ba a rage mata kai tsaye ba, amma ƙarin da take samu ya sauko zuwa wajen kashi 1 cikin 100 a shekara, maimakon kusan kashi 4 da ta saba, aka kuma ce ta tattala fam biliyan 20 kafin 2015.

A ma'aunin ƙasa baki ɗaya, PFI ba shi ya haddasa wannan matsi ba. Fam biliyan 10.3 da aka biya a shekarar kuɗi ta 2016 zuwa 2017 bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da gwamnati ta kashe ba. Matsalar ita ce nauyin bai rabu daidai ba, ya taru ne a wuyan wasu hukumomi ƙalilan, kuma ba ya motsi. Akanta a asibiti na iya dakatar da ɗaukar ma'aikatan jinya, ya rufe ɗakin kwantar da marasa lafiya, ya jinkirta sayen na'urori. Takardar kamfanin PFI kuwa in ta zo ƙarshen wata, biya ne kawai, kuma ta fi ta bara. Duk ragin da aka yi, a kan abin da ya saura yake sauka, wato albashi da kula da majinyata. Ko ƙaramin canji a ginin, kamar mayar da ofis ɗakin duba marasa lafiya, sai an bi ta hannun kamfani a kan farashinsa.

Hukumar asibitocin South London Healthcare ita ce misalin da aka fi ambata. Asibitocinta biyu, Queen Elizabeth a Woolwich da Princess Royal a Bromley, na PFI ne, suna cin sama da fam miliyan 60 a shekara, hukumar kuma tana asarar fiye da fam miliyan 1 kowane mako. A Yulin 2012 ta zama ta farko da gwamnati ta ƙwace ragamarta saboda bashi. Jami'in da aka naɗa ya ba da shawarar a rage sashen gaggawa da na haihuwa a asibitin Lewisham, maƙwabcin da ba ya ƙarƙashin hukumar kuma ba shi ya ci bashin ba. Mazauna unguwar da ƙaramar hukumarsu suka garzaya kotu, suka kayar da ministan lafiya Jeremy Hunt a Yulin 2013, suka sake kayar da shi a ɗaukaka ƙara. An rushe hukumar a Oktoban 2013, amma kwangilolin biyu sun ci gaba. A Liverpool kuma, makarantar sakandaren Parklands ta rufe a 2014 saboda ƙarancin ɗalibai, ƙaramar hukumar birnin ta ci gaba da biyan wajen fam miliyan 4 a shekara a kan ginin da babu kowa ciki.

Fita daga kwangilar ma ƙadangaren bakin tulu ce, domin mai son sokewa sai ya biya bashin banki da ribar da masu jari za su rasa. Hukumar Northumbria ta iya yin hakan a 2014, ta fanshi asibitin Hexham da rancen fam miliyan 114 daga majalisar gundumar Northumberland. Kaɗan ne suka sami irin wannan dama. Akwai kuma wani juyi da masu suka ba su cika son ambata ba: tun da kwangila ta tilasta gyara, gine-ginen PFI sun ci gaba da samun kulawa a shekarun da rufin tsofaffin asibitoci ke yoyo, saboda an karkatar da kuɗin gyaransu zuwa hidimar yau da kullum.

Ƙarshen tsarin

Osborne ya yi wa tsarin kwaskwarima a Disamban 2012 da sunan PF2, inda gwamnati ke riƙe ɗan hannun jari kuma aka cire shara da abinci daga kwangila. Ayyuka kaɗan aka yi da shi. Amincewa kuwa ta riga ta zube. Metronet, kamfanin da ya ɗauki gyaran yawancin layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a irin wannan haɗin gwiwa, ya karye tun 2007, nauyin ya dawo kan masu biyan haraji. A Janairun 2016, ana tsakiyar guguwa, kusan tan 9 na bulo ya ɓalle daga bangon firamaren Oxgangs a Edinburgh da sassafe, kafin yara su iso. Bincike ya gano ƙarafan da ke ɗaure bangon ba a sa su yadda ya kamata ba, aka rufe makarantu 17 da aka gina ƙarƙashin kwangila ɗaya. Sai kuma kamfanin gine-gine na Carillion ya durƙushe ranar 15 ga Janairun 2018, ya bar asibitin Royal Liverpool da na Midland Metropolitan a tsaye ba a gama ba. Da kuɗin gwamnati aka ƙarasa su, na farko ya buɗe a 2022, na biyu a 2024. A jawabin kasafi na 29 ga Oktoban 2018, ministan kuɗi Philip Hammond ya ce ba za a ƙara sa hannu a sabuwar kwangilar PFI ko PF2 ba, amma za a mutunta waɗanda ke ƙasa.

Yanzu hankali ya koma kan miƙa gine-ginen. Yawancinsu za su dawo hannun hukuma idan wa'adi ya cika, kuma kamfanin da ya san tafiya zai yi yana da dalilin yin ƙwauro wajen gyara a shekarun ƙarshe. A 2020 NAO ta shawarci hukumomi su fara shiri shekara bakwai kafin ranar, ta kuma yi gargaɗin cewa da yawansu ba su da ma'aikatan da suka san abin da kwangilar ta ƙunsa, wasu ma cikakkun takardunta sun ɓace musu.