Gardamar iskar manyan taurari ba yau ta fara ba

Tun da na'urar LIGO, mai jin girgizar sararin samaniya, ta gano haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu (ragowar manyan taurarin da suka mutu) a 2015, kowanne da nauyin rana kusan sau talatin, masana taurari suke ta ja-in-ja. Yaya tauraron da ke zubar da jikinsa ta iska, wato gas ɗin da ke kwarara daga jikinsa zuwa sarari, zai mutu ya bar ragowa mai wannan nauyi? Tambayar ta girmi LIGO nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1867 masana taurari biyu, Wolf da Rayet, suka gano taurarin da ake kira da sunansu, masu iskar da ke gudun dubban kilomita a daƙiƙa. A 1979 tauraron ɗan'adam mai suna Einstein ya ga manyan taurari masu zafi suna fitar da hasken eksire, aka kuma ce guguwa ce ke karo da guguwa cikin iskar.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne lokacin da Chandra, tauraron ɗan'adam mai hangen hasken eksire, ya duba babban tauraro mai zafi Zeta Puppis, aka fitar da sakamakon a 2001. Hasken da ke tasowa daga bayan tauraron dole ya ratsa iska mai yawa kafin ya iso mu, kamar fitila cikin hazo. Da iskar na da kaurin da ake zato, da ta shanye shi, layukan da hasken ke nunawa a na'urar awo su karkace sosai gefe guda. Sai aka tarar karkatar kaɗan ce. Ko dai iskar ba ta kai yadda aka ƙiyasta ba, ko kuwa dunƙule-dunƙule take, da gibin da haske ke bi.

A ganina nan tushen matsalar yake. Shekaru ana lissafi kamar iskar a baje take sumul, alhali tsofaffin hanyoyin awo, irin na rediyo, suna kumbura adadin abin da tauraro ke zubarwa idan akwai dunƙule. Da aka sake lissafin Zeta Puppis, asarar jikinsa ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ƙiyasta a da. Idan asarar ta ragu, ragowar da tauraro zai bari za ta fi nauyi.

Taurarin Wolf-Rayet ma ba su ba da sauƙi ba. A 2012 XMM-Newton, wani tauraron ɗan'adam mai hangen eksire, ya nuna hasken eksire na WR 6, ɗaya daga cikinsu, yana tasowa can nesa cikin iskar, inda bayanin karon guguwa bai wadatar ba.