Jitar Lantarki: Tsohuwar Ƙira da ta Zamani

Jitar lantarki abin kiɗa ce mai tsirkiyoyin ƙarfe, wadda amonta ba daga kogon jikinta yake fitowa ba, sai daga wata na'ura da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, wato maɗaukin sauti. Wannan na'ura maganaɗisu ce da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, kuma idan tsirkiya ta girgiza a kanta, sai ta haifar da ɗan lantarkin da amfilifaya ke ƙarfafawa. Idan makaɗa suka ce tsohuwar ƙira, galibi suna nufin jitocin da aka yi a Amurka daga 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1960, musamman na kamfanonin Fender da Gibson.

A 1950 Leo Fender ya fitar da jita mai jikin katako marar kogo, wadda aka sa wa suna Telecaster a 1951. Gibson ya biyo baya da jita mai suna Les Paul a 1952, sannan Fender ya kawo Stratocaster a 1954. Abin da ya sa aka fara ware tsofaffin da daraja shi ne sauyin hannu: a 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, a 1969 kuma Gibson ya koma ƙarƙashin sababbin masu shi. Makaɗa da yawa suka ga cewa yawan ƙira ya rinjayi inganci, sai suka koma neman na baya. Labarin Les Paul na 1958 zuwa 1960 ya fi kowanne ban mamaki, domin a lokacinta ba ta samu kasuwa ba, har aka daina yin ta, sai da makaɗan Ingila irin su Eric Clapton suka riƙe ta a tsakiyar shekarun 1960 darajarta ta tashi. Ba a ƙera ko 2,000 ba, shi ya sa a yau ake sayar da guda ɗaya a kan ɗaruruwan dubban daloli.

Bambanci mafi nauyi yana wurin maɗaukin sauti, kuma nan ya kamata mai kwatantawa ya fi tsayawa. Na farkon Fender naɗi ɗaya gare su, amonsu siriri ne mai kaifi, amma suna jawo ƙugin wutar lantarkin da ke kewaye. A 1957 Gibson ya fara sa wanda Seth Lover ya ƙirƙiro, mai naɗi biyu masu soke ƙugin juna, amonsa kuma ya fi kauri. A wancan zamani ba a ƙayyade yawan zagayen wayar daidai wa daida ba, don haka jitoci biyu da suka fito daga masana'anta a mako guda kan bambanta a murya. Abin da masoya tsohuwar ƙira ke kira halin jita, mafi yawansa daga wannan rashin daidaito ya samo asali. Na zamani kuwa inji ne ke ƙirga zagayen, wasu ma, irin na kamfanin EMG, suna aiki da batir mai bolt 9 don rage ƙugi da ƙara ƙarfin sauti.

A hannu ma akwai bambanci. Saman wuyan tsohuwar Fender ya fi tudu, mai lanƙwasar inci 7.25, wanda ke da daɗin danna tsirkiyoyi da yawa a tare, amma sauti kan shaƙe idan aka ja tsirkiya sama sosai. Na yanzu sun fi shimfiɗa, inci 9.5 ko fiye, domin gwargwadon girman lambar gwargwadon shimfiɗar saman wuyan. Sandunan ƙarfen da ke raba wuyan 21 ne a tsohuwar Stratocaster, a na zamani kuwa sukan kai 22 ko 24. Maɓallin zaɓen sautinta, wanda ke zaɓar maɗaukin sautin da zai yi aiki a cikin waɗanda ke jikinta, matsayi uku kawai yake da shi har zuwa 1977, lokacin da aka mai da shi biyar, bayan makaɗa sun daɗe suna tsayar da shi a tsakanin matsayi biyu don samun wani amo na daban.

Batun katako da fenti ya fi jawo gardama. Tsofaffin suna da siririn fenti na naitaroselulos mai tsattsagewa da daɗewa, kuma wasunsu an yi saman wuyansu da wani katakon Barazil wanda yarjejeniyar CITES mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992. Ana yawan cewa waɗannan ne sirrin amonsu, amma a jita marar kogo tasirinsu bai kai na maɗaukin sauti da amfilifaya da yatsun makaɗi ba. Haka kuma bai kamata a manta ba cewa tsofaffin da ake yabo su ne waɗanda aka ga sun cancanci adanawa shekara sittin. Marasa kyau a cikinsu ba su cika shiga labari ba.

Injinan da kwamfuta ke sarrafawa sun sa jita mai sauƙin kuɗi a yau tana fitowa da daidaiton da a da sai an dace. Duk da haka sha'awar tsohuwar kama ba ta ragu ba, har a 1995 Fender ya fara sayar da sababbin jitoci da aka goge fentinsu da gangan don su yi kamar sun sha aiki. A kasuwar masu tarawa, sauya fenti ko maɗaukin sauti yana karya farashin tsohuwar jita ƙwarai, ko da gyaran ya ƙara mata daɗin kaɗawa, sai dai idan hannun wani mashahuri ya riƙe ta: baƙar Stratocaster ta David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, wadda aka sauya mata sassa da dama, an sayar da ita a gwanjo a 2019 a kan kusan dala miliyan 4.