Kusbara a Tukunya: Ganye Daban, 'Ya'ya Daban

Mece ce kusbara?

Tsiro ce 'yar dangin karas da faski, wadda wasu ke kira koriyanda. Larabawa na ce mata kuzbara, mutanen Indiya kuma daniya. Ko uwargida ba ta taɓa sayen ta ba, ta ci ta, domin 'ya'yanta na cikin manyan kayan haɗa garin kori. Tsohuwar aba ce ƙwarai, har a kabarin Fir'auna Tutankamun an samu 'ya'yanta.

Zan iya sa 'ya'yan a madadin ganyen?

A'a. Tsiro ɗaya ne, amma ƙamshi biyu ne. Ganyen yana da kaifi, 'ya'yan kuwa ƙamshinsu mai laushi ne, kusa da na ɓawon lemu. 'Ya'yan na son wuta, ganyen ba ya jure ta. Don haka 'ya'yan su shiga tun wajen soya albasa, ganyen kuma sai an sauke tukunya a yayyanka a barbaɗa. Raina na ɓaci in ga an zuba ɗanyen ganye a miya an bar shi yana ta tafasa, ƙamshin duk ya bi tururi.

Yaya ake sarrafa 'ya'yan?

Ki saye su ba a niƙa ba. Ki ɗan gasa su a busasshen kasko, wuta kaɗan, kina juyawa har ƙamshi ya tashi, sannan ki daka a turmi. Kada su yi baƙi, ɗaci za su yi. Garin da ya daɗe a kanti ya riga ya sane.

Da wane abinci ta fi dacewa?

Ki gwada dabarar Misirawa. Miyarsu ta mulukiyya ai lalo ce. Sukan soya dakakkiyar tafarnuwa da garin kusbara a man shanu, su juye a kan miyar dab da saukewa, ta yi cuuu, gida ya ɗauki ƙamshi. Na yi haka da miyar lalo da tuwon shinkafa, tun daga ranar ban daina ba. Ganyen kuma yana tafiya da farfesun kifi da kwaɗo.

Me ya sa wasu ke cewa ganyen na ɗanɗanon sabulu?

Ba iyayi ba ne. Ganyen na ɗauke da sinadaran aldehaid, waɗanda wasu ke jin warinsu kamar na sabulu, kuma an danganta jin su da ƙarfi da ƙwayar halittar gado ta jin ƙamshi mai suna OR6A2. Idan akwai mai irin wannan hanci a gidanki, ki yi masa girki da 'ya'yan, ganyen ki ajiye a gefe ga mai so.